Taron Talata Ya Bar Ɗakin Kaka

"Lafiya lau na tashi, gajiya kuma ta bi lafiya," in ji Kaka, tana goge teburin da ke jikin taga, ba ta ko waiwayo ba. "Wane ne wannan yake tafiya kamar an ɗaura masa duwatsu a ƙafa?"

"Mijinki ne, Amarya. Juyo ki ga abin da idonki bai taɓa gani ba."

Ta juyo. Jikanta ne tsaye a bakin ƙofa, wanda duk gidan ke kira Kunkuru. Ita ta laƙaba masa sunan tun yana firamare, lokacin da yakan shafe rabin yini yana kwafar layi biyar. Yanzu ya zama ƙaton ma'aikacin gwamnati har da gemu, amma sunan ya ƙi sakinsa. Ya sha sabon takalmi baƙi sau-ciki, yana takawa a hankali don kada ta gane yana matsa masa. Ina, ai tun daga tsakar gida ta gane.

"Wane maƙiyin ne ya sayar maka da wannan?"

"Ni na zaɓa da idona."

"Da ka bar ƙafar ta zaɓa. Shekara biyu tana yawo a silifas, ta baje ta yi faɗi kamar faranti, yau ka ce za ka tura ta kurkuku ba laifin tsaye ba na zaune."

"Ƙafar ma'aikaci ce, za ta saba. Taki fa, da ta manta hanyar ofis tun kafin gemu ya fito mini?"

"Ta manta hanya, amma ba ta taɓa shiga taro da gajeren wando ba."

Wannan kam ta same shi, don gaskiya ce. Tun da gwamnati ta ce ma'aikata su zauna gida su yi aiki ta kwamfuta, Kunkuru daga ƙugu zuwa sama kaɗai yake ma'aikaci: riga ta sha guga, ƙasa kuwa gajeren wando da silifas. Kuma a ɗakin Kaka ya kafa ofishinsa, saboda duk gidan babu inda sabis yake tsayawa sai jikin tagarta. Ranar da ya shigo da teburin ta yi masa tas, ta ce ita ba ta ba da hayar ɗaki ga mai naɗe tabarmar kunya. Shi kuma ya ce miji ba ya neman izinin shiga ɗakin matarsa. A haka teburin ya zauna.

Ita Kaka shekara talatin da biyu ta yi tana sakatariya a gwamnati. Rahoton taron da ta ɗauka da hannunta Allah kaɗai ya san iyakarsa, da gajeren rubutun nan na sakatarori mai kama da ƙugiyoyi, sannan ta zauna ta buga shi tsaf a tafireta. Ranar da ta yi ritaya aka yi mata jawabi, aka tafa, ta dawo gida. Daga nan babu wanda ya sake ce mata rubuta wannan. 'Ya'yanta suna kula da ita, ba ta rasa ci ba ta rasa sutura ba, amma kewar aiki ta zauna mata a rai, kuma ba abin da ake faɗa wa 'ya'ya ba ne, sai su ce rashin godiya.

A Talatar farko aka ɗora wa Kunkuru rubuta rahoton taron sashensu, tunda shi ne ƙarami. Kaka tana zaune a bakin gado tana kallonsa yana zufa. Darakta ya kai batu na huɗu, shi gogan naka yana nan yana kokawa da na ɗaya. Haushi ya ishe ta, ta fizgo tsohuwar kalanda daga bango, ta juya bayanta ta hau rubutu. Da aka tashi ta karanta masa komai daga farko har ƙarshe, ya buga ya aika. Washegari Darakta ya yaba masa a gaban kowa, ya ce rabon da ya ga rahoto mai tsabta haka tun yana sabon ɗauka.

Shi ke nan, sabo turken wawa. Duk Talata kafin ƙarfe tara Kaka ta yi wanka, ta sa kaya masu guga, har da ɗan turare, ta ja kujera ta zauna a bayan kwamfuta inda kyamara ba ta kaiwa. Kunkuru ya ƙara sauti, ƙarfe goma muryoyi su cika ɗakin. Ba ta taɓa leƙa fuskar kowa ba, ta ce sakatariya kunne ce. Amma ta san su kamar yunwar cikinta, kowa da sunan da ta sa masa. Darakta shi ne A-Taƙaice, don in ya ce zai yi magana a taƙaice, to a gyara zama. Akwai Mai Zakara, wata baiwar Allah da ba ta taɓa buɗe baki ba sai zakaran maƙwabtanta ya raka ta. Akwai kuma Na-Goyi-Baya, wanda a shekara biyu bai taɓa faɗin wani abu ba bayan wannan.

Alhamis ɗin da ta wuce takarda ta fito daga sama. Kwana uku a ofis, kwana biyu a gida. Talata dole ce a kan kowa, taro kuma ya koma zauren taro, gaba da gaba. Da Kunkuru ya karanta mata sai ta ce madalla, kunnenta ya huta da hayaniya. Ƙarya take yi. Tun ranar abinci ba ya yi mata daɗi, kuma yau Litinin sau uku ke nan tana goge teburin da babu ƙura a kansa. Gobe ƙarfe goma za a yi taro ba ta ciki, abin da ke cin ta ke nan.

Kunkuru ya zauna a kujerarsa, ya zare takalmi ɗaya a ƙarƙashin tebur, wai shi a ɓoye.

"Cire ɗayan ma, kada ya yi fushi," in ji ta.

"Iska nake ba shi. Ke dai ki daina ramewa, Amarya. Litinin da Juma'a naki ne, ina nan a gabanki daga safe har yamma."

"Wa ya ce maka ganinka abin marmari ne? Ranakun da ba ka komai sai danne-danne da hamma? An tafi da tsoka an bar mini ƙashi, ƙashin ma na kunkuru."

"Wasu matan kuka suke yi in miji zai fita."

"Mazan kirki ake yi wa kuka. Kai ko hanyar ofishin za ka gane?"

Ya ce zai gane, sai dai ba shi da tabbacin samun wurin zama, don an rage tebura, yanzu wanda ya riga zuwa shi ke zama. Kaka ta riƙe haɓa. Ma'aikaci ba shi da teburinsa? To ina zai ajiye kofinsa, ina zai ɓoye takardar da ba ya son a gani? Ta hau ba shi labarin nata teburin, wanda aljihunsa na uku ba ya buɗuwa sai an doke shi da gwiwa, da yadda rana take sauka a kan tafiretarta daidai sha ɗaya, da ƙamshin sabuwar takarda in an yage ƙunshinta. Labarin da ya ji ya fi sau ɗari ne, ya saba katse ta a tsakiya ya ce tarihin zamanin dutse. Yau bai katse ta ba. Wannan shirun nasa ya fi zolayar yi mata ciwo, sai ta yanke labarin da kanta.

Ya tashi da takalmi ɗaya ya tura ƙofa, ya dawo ya rage murya.

"Ina da dabara. Gobe kafin a fara zan kira ki, in sa wayar a aljihun gaba. Ke ki danna wurin nan da na koya miki don kada a ji motsinki. Kina kujerarki kina jin komai, ki rubuta kamar kullum. Ba wanda zai sani."

Murna ta kama Kaka. Nan take ta hango goben ta dawo mata: wanka kafin tara, littafi a cinya, muryar A-Taƙaice. Har ma za ta ji abin da kwamfuta ba ta kawowa, jan kujeru da ƙarar kofuna da gaishe-gaishen da ake yi kafin a zauna. Shekara goma sha shida rabonta da jin wannan. Ta zauna a bakin gado.

"Wato in shiga aljihunka," ta ce. "Ni da na goyi ubanka."

"Ramuwa ce. Kin goyi uba, ɗa ya ɗauke ki a ƙirji. Wace mata aka taɓa yi wa wannan gata?"

"Tare da goro da tsofaffin rasit, ko?"

"Zan share miki aljihun, har turare zan fesa."

"Don wa za a yi? Don ni, ko don kada asirinka ya tonu?"

"Don kaina mana. Kin san hannuna."

"Na san shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo."

"Ai da tsohuwar zuma ake magani."

Ta dube shi ta saman tabarau. Rabin maganarsa gaskiya ce, tsoro yake ji. Ɗaya rabin kuwa tausayinta ne, ta gan shi ƙuru-ƙuru a idonsa, kuma ita a duniya ba abin da ta tsana irin a tausaya mata. Ta hau murza bakin mayafinta. Ta tuna wani masinja a zamaninsu da aka kama yana kasa kunne a jikin ƙofar taro, kafin mako ya ƙare an tura shi can ƙarshen duniya. Ta ce a ranta, in wayar ta zame daga aljihu fa? In hannunta ya kuskure ta danna wani wurin, tari ya sarƙe ta a tsakiyar maganar Darakta fa? Yaron nan bai shekara huɗu da kama aiki ba. Duk da haka bakinta ya ƙi furta a'a, don tana so, so mai tsanani.

Da ƙyar ta ce ba za a yi ba.

Kunkuru ya ce wace sabuwar tsarkaka ce wannan, ita da ta shekara biyu tana sauraron asirin gwamnati a kwance a kan gadonta.

"A zaune, mara kunya. Ban taɓa ɗaukar rahoto a kwance ba." Ta gyara tabarau. "Su suka shigo ɗakina, Kunkuru. Ina zaune suka zo suka same ni, da zakaransu da tarinsu. Wanda ya shigo ɗakinka ka ji maganarsa, ba ka yi sata ba. Amma ni in shiga nasu ɗakin ta aljihu, wannan sunansa laɓe. Shekara talatin da biyu ta ƙofa nake shiga taro, littafina a hannu, kowa yana ganina."

"Nan ma ai ba su gan ki ba."

"Na sani. Shi ma da lauje cikin naɗi, na rufe ido ne don ina so. Rana dubu ta ɓarawo, ba zan jira ta mai kaya ta same ka a kaina ba."

Ya yi ta magiya. Ya ce sau ɗaya kawai, na gobe, kafin hannunsa ya saba. Ya ce to rabin taron. Kowace magiya sai ta ji kamar ta ce ta fasa, don haka ta ƙara ɗaure fuska, ta ce masa ragon miji, mai neman mace ta yi masa noma yana inuwa. Ya ce ita ce ta sangarta shi, kuma in aka kore shi gobe ɗakinta zai tare gaba ɗaya, da takalminsa da komai. Ta ce Allah ya kiyashe ta da wannan annoba.

"To ya zan yi? Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Wa ya ce yau aka fara fafe shi? Talata ɗari kana buga abin da na rubuta. In babu abin da ya shiga kan nan, to don hula kawai aka yi shi. Ɗauko takarda da fensir."

Ya ɗauko yana gunaguni. Ta sa shi ya ja kujera tsakiyar ɗaki, ya ɗora takardar a gwiwa, tunda ba shi da tabbacin tebur. Ta ce kwanan wata a sama, sai sunayen waɗanda suka halarta, sai waɗanda suka ba da uzurin rashin zuwa, kada ya kuskura ya manta da su, don mutum yakan yafe komai ban da a share sunansa. Daga nan kuma kada ya bi bakin mutane, ba zai kamo su ba ko da keke. Ya jira har a yanke magana, ya rubuta abin da aka yanke, wa zai yi, yaushe zai gama. Sauran duk iska ce.

Sai ta miƙe tsaye, ta tura ciki gaba, ta yi gyaran murya irin ta Darakta, ta ce za ta yi magana a taƙaice.

Wallahi da ka rufe ido sai ka rantse mutumin ne ya shigo. Ta yi ta zagaye a kan batun gyaran motar sashe, ta je ta dawo, ta ba da labarin wani kwas da ta halarta shekarun baya, ta manta inda ta tsaya, ta sake ɗaukowa daga farko. Ta sirantar da murya ta zama Mai Zakara, ta kawo ƙorafi, ta yi cara da kanta a tsakiya. Ta koma gefe ta ce ta goyi baya. Kunkuru yana dariya har da hawaye, hannunsa kuma yana tafiya. Ita ma daɗi take ji, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Sai da ta zo rufe taron, ta ce in babu wani batu an tashi, sannan ta gane cewa taro na ƙarshe ke nan da za a yi a ɗakin nan. Ta saki muryar Darakta, ta ƙarasa da tata.

"Kawo in ga ɓarnar."

Ya miƙa mata. Rubutun kam sai addu'a, kamar kaza ta yi tonon tsaba. Ta fara daga ƙasa, inda ta san a nan ake faɗuwa. Batu uku ta kawo, uku ya rubuta. Maganar Darakta ta minti goma sha biyar ya mayar da ita layi biyu, kuma layukan da ita ma za ta zaɓa ke nan. Ta nemi kuskure da gaske, ba ta samu ba sai wasali ɗaya da ya haɗiye. Alfahari ya cika ta, baƙin ciki ya biyo bayansa a guje. Yaron ya iya. Gobe za a yi taro, rahoto zai fita tsaf, babu wanda zai ji cewa wani abu ya ragu.

"Yaya?" in ji shi.

"An ga mafi muni. Ba za a kore ka gobe ba, sai dai jibi."

"Daga bakinki wannan ai lambar yabo ce."

Ta mayar da ido saman takardar don ta duba kwanan wata. Ya sa daidai. Ga sunayen mahalarta, A-Taƙaice da mutanensa. A ƙarƙashinsu, inda aka ce waɗanda suka ba da uzurin rashin zuwa, ya rubuta kalma ɗaya: Sakatariya.

Ta daɗe tana kallon wurin. Sau ɗari ta jera sunayen mutanen nan da hannunta, ba ta taɓa sa kanta a ko'ina ba.

"Wannan fa?"

"Ke kika ce kada a share sunan kowa."

"Uzuri na wanda aka gayyata ne, jahili."

"Na gayyace ki. Kika ce ba kya shiga aljihu. In wannan ba uzuri ba ne, mene ne?"

Dariya ta ƙwace mata, ta cire tabarau tana goge ido da bakin mayafi, ta ce hasken tagar nan ne yake damunta. Kunkuru ya ce ƙwarai, shi ma yana damunsa.

"Ja'iri. Ka ci wannan, na ba ka." Ta ninke takardar biyu, ta sake buɗe ta. "Gobe ma haka za ka sa a littafinka?"

"Gobe da kowace Talata."

"To da fensir. Ka goge kafin ka buga, kada ka jawo wa kanka tambaya."

"Zan goge."

Ta miƙa masa takardar, ya kama, ba ta saki ba.

"Amma ka bari sai an tashi daga taron."